Usur ɗin Orval Sisler

Ranar da Emmett Kovach ya fara ganin Corinne Sisler, zaginta ake yi.

Asabar ce ta kaka, ganyen duwatsun West Virginia ya yi jawur. Jirgin ƙasa mai tururi da ke kai mutane yawon shaƙatawa ya tsaya a filin ciyawar da ya saba, fasinjoji suka sauko suka yi sahu ɗaya a gefen dogo, kowa da kyamararsa. Dokar wurin sananniya ce. Jirgi zai ja da baya har ya ɓace a kwana, sannan ya taho a guje yana aman hayaƙi don a ɗauke shi. Ba mai gifta gaban sahu, ba mai ko tari, don wasu sauti suke naɗa. Ƙattin maza da furfurarsu, in jaririnka ya yi kuka a nan sai su dube ka kamar ka yi musu sata.

Ita Corinne ƙawarta ce ta jawo ta, ba don tana so ba. Tana tsaye a ƙarshen sahu sai injin ya ɓullo ya busa usur. Murya uku a haɗe, ta ƙasan mai kauri, kamar mutum yana kiran nasa daga bayan dutse. A gida daga nesa take jin sa, ta bayan tagogin da uwarta ke rufewa duk Asabar. Rabon da ta ji shi kusa haka tun ubanta yana da rai.

Ba ta san ta taka ba. Sai ganinta aka yi a tsakiyar fili, a gaban kowace kyamara, tana kuka.

Aka yi mata caa. Harlan Beachy, shugaban ƙungiyar da ke riƙe da jirgin, ya zo har gabanta yana faɗa mata daga inda mutane suka taso don wannan hoton. Ba wanda ya tambaye ta me ya same ta.

Da jirgin ya tsaya, mai zuba kwal ya diro daga kan injin, dogo, baƙi ƙirin da toka, ya miƙa mata tsumman da ke aljihunsa. Ta goge fuska, fuskar ta koma kamar gindin tukunya.

"Kin ɓata wa rabin mutanen jihar Ohio hoto," in ji shi. "Ni kuma na ɓata miki fuska. Mun yi kunnen doki."

"Usur ɗin babana ne," ta ce.

Ya daina murmushi. Ya tambaye ta ko ita 'yar Orval Sisler ce, ta ɗaga kai. Sai ya cire hularsa.

Orval da hannunsa ya ƙera usur ɗin nan na tagulla a garejin gidansa, da daddare bayan ya taso daga aikin katako. Direbobin jirgin tururi haka suke, kowa da nasa usur, in zai yi tuƙi ya ɗaura, in ya gama ya kwance ya tafi da abinsa. Orval ya ɗaura nasa wata Asabar, ya bar shi a kan injin don zai dawo, zuciyarsa ta tsaya ran Talata. Da matarsa, mai suna Wanda, ta je karɓa, aka ce ta bari a gama makoki. Da ta koma, aka ce ai ya zama wani ɓangare na injin. Daga baya aka kafa allo a tasha da sunayen waɗanda suka raya jirgin, sunan Harlan a sama, na Orval ko a ƙasa babu. Mutumin da ya ba su duk Asabar ɗin rayuwarsa kyauta.

Wanda ba ta yi karatu mai nisa ba, ba ta san lauya ba. Abin da ta sani shi ne duk ranar rufe kakar jirgi za ta sa rigarta ta zuwa coci, ta je ƙofar shagon da ake ajiye injin, ta ce a ba ta kayan mijinta. Su kuma su ce za a duba. Tun Corinne tana firamare ake dubawa.

Ran Litinin saƙo ya shigo wayar Corinne.

"Mai ɓata hoto, Emmett ne, mai tsumma. Ƙawarki ce ta ba ni lambar, kada ki kashe ta. Na wanke fuska, ina so ki ga yadda take."

Ta amsa: "Gawayi, ka bar ta yadda take. Wataƙila tokar ce ke rufa maka asiri."

Haka aka fara. Ya riƙa zuwa shagon magani inda take aiki yana sayen abin da ba ya buƙata. Ya kai ta cin kifi a bakin kogi, ya gaya mata tun yana ɗan mitsitsi kakansa ke ɗora shi a kafaɗa su kalli injin, kuma abu ɗaya yake so a duniya, ya bar shebur ya koma kujerar direba. Harlan ya yi masa alkawarin gwaji da bazara. In yana maganar, idonsa har ƙyalli yake. Corinne tana son ƙyallin, tana kuma jin tsoronsa, don ta san shi. A idon ubanta ta fara ganin sa.

Wani dare ya rubuto: "Yau ina zuba kwal ina tuna ki, har direba ya ce zan narkar masa da inji. Ki tausaya wa dukiyar mutane, ki ce kina sona."

"Ina sonka, Gawayi. Amma ba ni ce matsalarka ba. Mama ce."

Wanda tana jin labari ta ajiye cokali. Ta ce ta haifi 'ya ɗaya, ba za ta miƙa ta ga ɗan jirgi ba ko da shi kaɗai ya rage. Ta ce ta san irinsu ciki da bai: ba sa shan giya, ba sa bin mata, shi ya sa ba ka da bakin kai ƙararsu, amma ka nemi mutum ranar da kake buƙatarsa, yana can bakin dogo yana jiran hayaƙi.

"Mama, shi daban ne."

"Ubanki ma daban ne. Ranar da na haife ki maƙwabciya ce ta kai ni asibiti."

Sai da Corinne ta yi makonni tana lallashi kafin Wanda ta yarda ya zo cin abinci ran Lahadi bayan coci. Ta ce ba don komai ba, don ta ga fuskar wanda za ta ƙi. Duk da haka ta tashi da wuri ta dafa wake da naman alade, ta gasa burodin masara, ta fito da farantan da ba a taɓawa sai Kirsimeti.

Rana ta yi tsaka, bai zo ba. Burodi ya huce. Wanda ta zauna ta harɗe hannu.

Wayar Corinne ta yi ƙara. Ba shi ba ne, Preston ne, ɗan Harlan, wanda ya daɗe yana bin ta tana kaucewa, kuma shi ma kujerar direban yake hange. Hoto ya turo: Emmett a kan gada, cikin rigarsa mai kyau, furanni a ƙasa kusa da ƙafarsa, waya a sama yana ɗaukar wani ƙaton injin jirgi baƙo da aka biyo da shi ta babban layin dogo. A ƙasa ya rubuta: "Na ce ko kina nemansa. In da ni ne, ba zan bar ki kina jira ba."

Preston ba don Allah ya turo ba, amma bai yi ƙarya ba. Da Emmett ya iso, la'asar ta yi, furannin sun yi laushi. Ya ce a hanya ya ji injin zai wuce, sau ɗaya ke nan a rayuwa, ya ɗauka minti kaɗan ne, sai aka tsayar da jirgin a wata tasha, shi kuma ya riga ya tsaya.

Wanda ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Sau ɗaya a rayuwa," ta ce. "Kalmar ma ba ku canza ba."

Ta kwashe farantan. Corinne ta raka shi mota, ta ce kada ya ƙara kiranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta girma tana kallon mace tana jira a taga, ba za ta gaji tagar ba.

Ya yi ta turo saƙo, ba ta amsawa. Na ƙarshen gajere ne: "Ba ni da uzuri, mai ɓata hoto. Na ga hayaƙi na manta da mutane. Ba zan ƙara damun ki ba."

Ta karanta shi a bayan kanta a wurin aiki, ta shiga ɗakin ajiya ta rufe ƙofa.

Ranar rufe kaka ta zo, sanyi ya sauko. Wanda ta sa rigar coci, Corinne ta tuƙa ta zuwa shagon injin kamar kullum. An riga an kashe wuta tun jiya, injin ya huce, 'yan ƙungiya sun taru suna shan kofi da cin dona, fanke irin nasu, kafin su fara wanki. Wanda ta tsaya a ƙofa ta faɗi abin da take faɗa kowace shekara. Harlan ya yi murmushinsa na kowace shekara, ya ce za a sa maganar a taro na gaba. Wani ya yi dariya ƙasa ƙasa.

Emmett bai dubi Corinne ba. Ya ajiye kofinsa, ya ɗauki babbar sifana, ya hau bayan injin.

Harlan ya tambaye shi me yake yi a can. Emmett ya kafa sifana a gindin usur ɗin, sai ƙarar ƙarfe. Notin ya ci tsatsa, sai da ya sa duk ƙarfinsa.

"Yaro, in ka sauko da abin nan, ka manta da gwajin bazara. Ka manta da hanyar wurin nan ma."

"Na ji, Mista Beachy."

Harlan ya ce zai kira 'yan sanda. Ya juya yana neman wanda zai goya masa baya, sai ya ga tsofaffin duk suna kallon takalmansu. Babu ɗaya a cikinsu da bai san wanda ya ƙera usur ɗin ba. Wasunsu a garejin Orval suka sha kofi yana goge shi. Shekara da shekaru sun sani, sun yi shiru, don muryar tana da daɗi a faifansu.

Emmett ya sauko da shi a rungume, ya kawo gaban Wanda. Hannunsa yana jini a gaɓoɓi. Ta karɓa, nauyin ya kusa kayar da ita, amma ta hana kowa taimaka mata.

"Ba zan ce maka na gode ba," ta ce. "Kayana ne."

"Haka ne, Misis Sisler."

Ta juya ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta kira su da sunayensu, ta ce Allah ya ba matansu haƙuri. A bakin mota ta tsaya, ba ta waiwaya ba.

"Lahadi bayan coci. Wake ne. In ka ga hayaƙi a hanya, ka rufe ido."

Ƙungiya ta kori Emmett kafin mako ya zagayo. Preston ne ya hau kujerar direba da bazara. Allon tasha yana nan yadda yake, ba a ƙara suna ba.

Usur ɗin kuwa Wanda ta goge shi ta ɗora a kan teburin falo. Wata rana ta ce tana so ta ji shi. Emmett ya haɗa shi da injin ba taya iska a gareji, ya ja. Wata busasshiyar ƙara ta fito, siririya, kamar mai mura. Ya ce sai da tururi yake yin muryarsa, iska ba ta isa. Wanda ta daɗe tana kallon abin.

"Wato a can yana magana ba nawa ba ne, a nan nawa ne ba ya magana," ta ce. "Halin mai shi ke nan."

Ta shiga ɗaki. Ranar ce kaɗai Corinne ta taɓa jin kukan uwarta.

An ɗaura auren Emmett da Corinne wata Asabar a watan Yuni, a ƙaramar cocin da ke bayan tasha. Wanda ce ta zaɓi ranar da lokacin, kuma ta san abin da take yi. Fasto yana tsakiyar karanta alkawari sai jirgin ya taso, ƙasa ta ɗauki rawa, sabon usur ɗin da 'yan ƙungiya suka saya ya yi tsuwa. Kawunan maza a kujeru suka karkata wajen taga. Corinne ta ji hannun Emmett ya matse nata har ya yi mata zafi, ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ta san abin da ya rasa, ta san ba zai daina jin sa ba har ya tsufa.

Bai juya ba. Ya maimaita kalmomin faston yana kallon ta, har tarago na ƙarshe ya wuce.

"Ka ji zafi, Gawayi?" ta raɗa masa.

"Sosai. Ki riƙe ni."

A wurin cin abinci Wanda ta miƙe, ba ta iya jawabi ba kuma ba ta gwada ba. Ta sa aka kawo usur ɗin a naɗe cikin tsohon bargon Orval, ta ajiye a gaban ango.

"Ka riƙe wa jikokina. Ka gaya musu kakansu ne ya ƙera, tunda allo ba zai gaya musu ba." Ta dafa kan 'yarta, sannan, bayan ɗan jinkiri, ta dafa nasa. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa duk ranar da ta neme ka, ta same ka a gida."

Aka ce amin. Daga can bayan dutse jirgin ya sake busa, Wanda ta tashi da kanta ta rufe tagar.