Waƙar da Ta Dace da Kowa

Ciwon maƙogwaro ne ya kai malamin firamare kantin magani, murya a shaƙe, ga shi zai karanta waƙarsa a rediyo. Budurwar da ke kan kanta ta miƙo masa kwalba, ta ce, "Ka rage surutu, shi ne maganinka." Barkono ake ce mata a gida, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Ya warke sarai, amma bai daina zuwa kantin ba.

Da soyayya ta yi nisa, ya rubuta mata waƙa ya sa a shafinsa: idanu kamar taurari, murya kamar sarewa, ga haƙuri. Jama'a suka yi ta yabo. Ita ma ta ji daɗi, sai ranar da abokiyar aikinta ta nuna mata waya tana fari da ido.

"Kin ga waƙar da malamin nan ya yi mini? Komai nawa ne a ciki."

Ran Barkono ya ɓaci. Ta tura masa saƙo:

"Abokiyar aikina ta ce waƙarta ce. Wata ma a shafinka ta ce tata ce. Kuma duk sun yi gaskiya."

"Wallahi ke nake nufi, Tauraruwata."

"Kada ka ƙara kira na haka! Yaushe ka taɓa ganin haƙuri a wurina? Waƙar da ta shiga jikin kowace mace rigar kasuwa ce. Ba na so."

Babanta da ya ji labari ya fi ta hawa. "Mai yi wa 'yan matan gari waƙa? Kada ya ƙara tako mini ƙofa!"

Malamin ma ya fusata, don ba a taɓa kushe masa waƙa ba. Da wannan fushin ya rubuta wata, ya zo gidan su Barkono ya tsaya a bakin falo.

"Karanta ka fita," in ji baban.

Ya karanta yadda take buga ƙofa idan an taɓa ta, da yadda take balbale tsofaffi da faɗa in sun tsallake magani, sannan ta riƙe hannunsu ta tsallakar da su titi, da tabon ƙuna a babban yatsanta.

Daga bayan labule ta daka tsawa, "Har tabon nawa ka sa?" Kuka take yi.

Baban ya ce, "Duk ka san wannan, kuma kana so?"

"Ita nake so, Baba."

"To, na ba ka. Allah Ya yi muku albarka."

Ranar aure, a cikin mota, ta jingina da kafaɗarsa. "Mijina," ta ce a hankali, "baiti na uku bai zauna ba. Ka gyara."