Yatsar Velonjara

Turke ɗaya ya rage wa Velonjara mai awon ƙasa ta kafa, ga rana tana shirin faɗuwa. Shekara uku ta yi tana fama da manya a birnin Toamasina kan a bi da sabuwar hanyar ruwa ta ƙauyensu, jiragen kaya su riƙa kwasar ayaba da kanumfari, a huta da asara. Gobe za a sa wa taswira hannu. In awo bai cika ba, wani gari zai samu.

Kawunta Tsaralahy ne ke tuƙa kwalekwalen da suke ciki.

"'Yar nan, mu juya. Turken ba guduwa zai yi ba."

"Kawu, sauro kake tsoro? Can kawai za mu."

Ta nuna wani tudu mai duhun itatuwa, da yatsa a miƙe.

Makwancin kakanni ne, kuma ko yaron goye a ƙauyensu ya san ba a nuna shi sai da yatsa a lanƙwashe. Ita ma ta sani sarai. Nuna wa lebura layi ne ya sangarta mata hannu.

Kwaɗi suka yi tsit. Warin taɓo ya ɗauke, ƙanshin giyar raken da ake zuba wa matattu ya taso.

"Naɗe ta," Kawu ya raɗa.

Yatsar ta ƙi. Hannun ya sandare a sama. Ta ja shi da hagu, a banza.

Kawu yana tuƙi baya, kwalekwalen yana bin yatsar.

A bakin tudun mutane ne a jere cikin fararen mayafai. Kowanne yana riƙe da turkenta guda, taɓo yana ɗiga.

Wata tsohuwar murya ta taso a hankali.

"Jikata, an ce jirgi zai zo kwasa. Mun shirya."



Kawu ya kifa mata malafarsa a hannu, yana roƙon kakanni gafara. Kwalekwalen ya tsaya cak. Da baya ya tuƙa su har gida.

Da safe aka bi layin kaf, babu turke ko ɗaya. Hanyar ta koma wani gari. Velonjara ta yi kuka har ta gaji, yatsar kuwa ba ta sake naɗuwa ba.

Ba ta taɓa iya gaya wa mutanen ƙauyen abin da ya faru ba. Har yau tsofaffi kan tare ta a hanya.

"'Yarmu, ta ina jirgin zai ɓullo?"

Sai ta ƙara cusa hannun cikin zane.