Jan Da Ya Ƙara Mata

"Wallahi Shu'aibu, kwamfutar nan ta fita a raina!"

Mairamu ta ture linzamin gefe, idonta ya ciko da ƙwalla. Katin suna take tsarawa, sana'ar da take ci da kanta da ita a ɗan shagon ƙofar gidansu da ke Yelwa, cikin Garuwa. Furen da ta zuba wa ja ya fito mata kamar busasshen goro.

"Yi haƙuri, Mairona," in ji Shu'aibu, yana share gumi. "Yau sai na ga bayanta."

Gyaran na'ura ne aikinsa, kuma da shi aka sa mata ranar aure bayan Babbar Sallah. Tsohuwar kwamfutar nan mai ƙatuwar ƙeya babu abin da bai yi mata ba. Ya canza waya, ya miƙe ɗan haƙorin da ya lanƙwashe a bakinta da allura, ya ɗauke rediyon da ke gefe don kar maganaɗisu ya ja launi. Yau kuwa nasa allon ya ɗauro a bayan babur, wanda ya san lafiyarsa lau.

Ya jona, ya kunna.

"To duba. Ça va? Ya yi daidai?"

"Haba! Naka écran ɗin ma ya lalace. Kalli furen fa!"

Ya kalla. Furen ja ne jawur.

Ya waigo ya dube ta. Sannan ya ɗaga sukudirebarsa mai jan mariƙi.

"Rabin raina... wannan wane launi ne?"

"Ruwan ƙasa mana. Wasa kake da ni?"

Da ta ga yadda fuskarsa ta sauya, sai ta kawar da kai. Gaskiya dai ta sani. Ta lura tumatirin kasuwa ya daina kyau, lallen hannunta ma ya daina kamawa, ta yi ta ɗora wa masu sayarwa laifi. Haka mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ta fara kafin idonta ya rufe gaba ɗaya. Kuma dalilin da Hajiya, uwar Shu'aibu, ta ƙi auren ke nan tun farko, wai makanta gado ce a gidansu. Da ƙyar da siɗin goshi aka shawo kanta.

"Shi ke nan," ta ce. "Hajiya ta samu abin da take nema."

"Ba wanda zai ji! Ana ɗaura aure zan kai ki wurin likitan ido a Maruwa, ki rantse ba za ki faɗa ba."

"Aikina fa? Ba na ganin abin da nake yi, Shu'aibu..."

Sai ya mayar mata da nata allon, ya durƙusa yana danna maɓallan ƙasa, yana ƙara ja kaɗan-kaɗan.

"Yanzu fa?"

"Ƙara."

"Yanzu?"

"Ƙara kaɗan... Tsaya! Wayyo Allah, ga furena!"

Ta yi dariya tana kuka. A idonsa kuwa allon ya zama kamar an watsa masa manja, amma bai faɗa ba. Mutum in yana so, hankalinsa gajere ne. Bai tuna shago wurin shigar kowa ne ba.

Ran Laraba da hantsi sai ga Ramatu, ɗiyar ƙanin Hajiya, wadda Hajiya ta so ya aura. Yarinya ce mai zaƙin baki, gaisuwarta kaɗai sai ta sa ka duba aljihunka. Katin sunan ɗan yayarta ne ake tsarawa, shi ta zo gani.

"Amaryarmu! An gama?"

"Saura kaɗan. Shigo ki gani."

Ramatu ta leƙa, ta ja baya. Fuskar jaririn ja zur kamar tattasai, farin zanen goyonsa ya koma ruwan hoda. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Mairamu na murmushi, tana jiran yabo. Ta rufe bakin.

"Hoton nan... a wurinki daidai yake?"

"Tas! Da ya lalace, Shu'aibu ne ya gyara min."

"Ikon Allah. Ya iya gyara kam." Ta kwance jan gyalenta a hankali. "Af, taya ni gani, wannan zai shiga da baƙar atamfa?"

"Ruwan ƙasa ai yana shiga da komai."

"Haka ne," in ji Ramatu, har da rungumar ta. "Bari in je, Hajiya na jirana."

Sai da ta fita Mairamu ta gane gwada ta aka yi. Kafin la'asar magana ta gama zaga dangi.

Shu'aibu bai zo ba sai bayan kwanaki, da rana tsaka, zafin Garuwa na dukan kwanon shagon. Ya rame. Bai zauna ba.

"Ni na jawo miki," ya ce. "Da na bar allon nan yadda yake..."

"Me Hajiya ta ce?"

"Na durƙusa mata, Mairo. Na kai mata su kawu, na kai limami. Na ce likita bai ma duba ki ba."

"Me ta ce, Shu'aibu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta ce in na aure ki, ba ta yafe min nonon da na sha ba."

Ta so ya ce duk da haka zai aure ta. Ta jira, har ta ji kunyar jiran. Bai ce ba, ita kuma ba ta ga laifinsa ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mugu ne da ta samu wanda za ta tsana.

"Gobe baffanka ya zo ya karɓi kayanku," ta ce.

"Masoyiyata..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Ba zan iya ba."

Ya miƙa hannu wajen maɓallan allon. "Bari in mayar da shi daidai, kar katunan mutane su ɓaci."

"Kar ka taɓa!"

Ya janye hannun, ya juya zai fita, kafaɗunsa na rawa.

"Shu'aibu."

Ya tsaya.

"Matsa bakin ƙofa, inda rana take. Juyo nan."

"Me ya faru?"

"Inna ta ce abin da ya fi damunta, ba ta tsaya ta kalli fuskata da kyau ba tun tana gani. Ba ta san ranar za ta zo da wuri ba." Ta goge idonta da bayan hannu. "Ka daina kukan nan, yana ɓata min fuskarka. Tsaya kawai."

Ya tsaya a cikin rana, gumi da hawaye na zuba. Ta kalli goshinsa, ta kalli tabon da ke gefen girarsa, ta kalli bakinsa, a hankali, ba ta ƙifta ba.

"To," ta ce. "Na gani. Tafi."