Bakancen Hetal a Gaban Lalji

Tun daga ranar da aka yi wa tsohuwa Jashoda aikin gwiwa aka sauko mata da gado falo, hidimar Lalji ta dawo hannun Hetal, matar ɗanta Nimesh. Lalji shi ne Krishna, abin bautar mabiya addinin Hindu, yana yaro, ɗan mutum-mutumin tagulla da bai fi tsawon yatsa ba. Kakar mijin Jashoda ce ta ɗauko shi daga Gujarat ta ƙasar Indiya, ya yi zamansa a Kampala ta Uganda, daga bisani ya sauka a ƙaramin ɗakin sama na gidansu a Leicester ta Ingila. A gidan nan ba wanda yake kallonsa a matsayin tagulla. Yaro ne, kuma shi ne mai gida. Da ƙararrawa ake tashinsa a hankali don kada ya firgita, a yi masa wanka, a sa masa 'yar rigar sanyi, a ba shi madara da alewa, da rana a ja masa labule ya yi barci.

Wata safiyar Lahadi Hetal ta sauko da farantin alewar madarar da Lalji ya rage, wadda kowa a gidan yake ci don neman albarka, sai ta tarar da Kokila, yayar Nimesh, zaune a bakin gadon uwarta ko jaka ba ta ajiye ba. Kokila irin matan nan ne da idan sun shigo gidanka sai sun shafa saman firij su duba yatsa. Hetal ta gaishe ta, ta durƙusa ta miƙa wa tsohuwa nata, ta ba Kokila, ta ba Nimesh. Nata kuwa ta kai shi goshi, ta juya baya kamar mai gyara gyale, ta naɗe shi a tishu ta zura aljihu. Ta zaci ba wanda ya gani, amma Kokila ta gani.

Abin da Kokila ba ta sani ba shi ne, Hetal ciki gare ta. Sau biyu tana ɓari a gidan nan. A na biyun Nimesh, ƙaton direban bas da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya zauna a matakala ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya ce sun haƙura, shi matarsa yake so da rai. Daga nan maganar haihuwa ta zama abin da ba a yi a gaban Hetal. Da ta gane ta sake samu, tsoro ne ya fara kama ta kafin murna. Ta hau sama ta rufe ƙofa ta yi bakance a gaban Lalji: ba za ta sa zaƙi a bakinta ba, kuma ba ɗan Adam ɗin da zai ji daga gare ta, har ranar da asibiti suka nuna mata yaron ya wuce inda 'yan'uwansa suka tsaya. A ranar kuma Lalji ne zai fara ji. Ranar sikanin, wato hoton ciki, ta kama Alhamis mai zuwa.

Da Hetal ta shiga kicin, Kokila ta ja kujera kusa da uwarta, ta yi ƙasa da murya irin ƙasan da ake so a ji. Ta ce ita dai tana sa ido. Dokar gidan nan ce mace idan tana al'ada ta ja baya daga ɗakin Lalji, wani ya karɓi hidima. To tun bikin Diwali, bikin fitilun Hindu, watanni ke nan, ko sau ɗaya Hetal ba ta ja baya ba. Ga shi yau da idonta ta ga ta ƙunshe albarkar Lalji a tishu kamar abin zubarwa. Ta tuna wa tsohuwa cewa uwar Hetal malamar makaranta ce mai cewa waɗannan dokoki tsohon yayi ne, to me ake tsammani daga 'yarta?

Tsohuwa ta dubi ɗanta. "Nimesh, ko dai akwai wani labari ne?"

"Mummi, da akwai ai ni zan fara sani."

"Ka ji ko?" in ji Kokila. "Wace mace ce take ɓoye wa miji irin wannan? Hidimar ganin ido ce kawai, Mummi. A ce ta iya, a bar mata Lalji, gobe a bar mata gida."

Aka kira Hetal. Ta tsaya riƙe da tsumman goge hannu. Kokila ta ce ta fito da abin da ke aljihunta, ta fito da shi. Tsohuwa ta tambaye ta ko ta taɓa shiga wurin Lalji a halin da bai kamata ba.

"Ban taɓa ba, Mummiji."

"To yaya aka yi ba ki ja baya ba? Me ya sa ba kya cin abin da ya rage mana?"

Maganar tana kan harshenta. Kalma uku kacal, da falon nan ya rikiɗe da guɗa, da Kokila ta rasa inda za ta sa fuskarta. Hetal ta so ta faɗa, ta so ƙwarai. Sai ta tuna wanda ta yi wa alkawari, ta haɗiye, ta ce kawai, "Ku ba ni zuwa Alhamis."

Kokila ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Alhamis? Sai kin je kin shiryo ƙaryar tukuna?"

Tsohuwa Jashoda ba muguwa ba ce, amma shekara arba'in ta yi tana tashin Lalji, kuma tunanin an taɓa shi da hannun da bai dace ba ya sa ta hawaye. Ta yanke hukunci: daga yau Hetal ba za ta ƙara taka ɗakin sama ba, kuma Kokila ta kawo kwandon tafiyar Lalji ta koma da shi gidanta. Kowa a dangi ya san ma'anar wannan. Gidan da aka ɗauke wa Lalji saboda matar ɗa, matar ta gama ɗaga kai a taro.

A ɗakinsu Nimesh ya rufe ƙofa ya tsare ta da ido. Ya ce shi ba dokar ce ta dame shi ba, ɓoyon ne. Ya lissafo mata abubuwan da ya daɗe yana gani yana kau da kai: yadda take shiga banɗaki da waya, yadda ta ce tana wurin aiki wata rana alhali ya biya kantin maganin da take aiki aka ce ta fita tun hantsi. Hetal ta san wurin nas ta je ranar, amma ta ja bakinta ta tsuke.

"Hetal, ni ne fa. Ko kin daina yarda da abin da muke bauta wa, ki faɗa mini. Ko kuwa ni ne kika gaji da ni?"

Wannan ta fi ta Kokila zafi. Ta kama hannunsa, ya janye. Ta ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba kuma ba yau za ta fara ba, amma akwai maganar da ba tata ba ce yanzu. Ya ɗauki filo ya koma ƙasa kusa da uwarsa, ita kuma ta kwana tana kuka a hankali, hannunta a kan mararta, tana jin tsoron ko kukan ma zai yi wa yaron illa.

Washegari Kokila ba ta samu zuwa ba, ɗanta ya tashi da zazzaɓi. Lalji kuwa ba ya jiran zazzaɓin kowa. Tsohuwa ba ta iya hawa sama, Hetal an hana ta, don haka Nimesh ne ya yi wanka ya hau, mutumin da rabonsa da wannan hidima tun yana ɗan makaranta. Hetal ta bi shi ta zauna a matakala ta ƙarshe, bayan ƙofa, ba ta ƙetare ko da yatsa ba. Bai kula ta ba, har sai da ta ji ya ɗauki ƙararrawa ya kaɗa ta kamar mai korar fasinja.

"A hankali, za ka firgita shi," ta ce ta bayan ƙofa. "Ka taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, ba ya son mai zafi. Rigar ruwan goro za ka sa masa, koriyar tana matse masa wuya."

Nimesh ya yi yadda ta ce, yana gunaguni, yatsunsa manya suna fama da igiyar riga. Da ya zo kan madara ta ce ya jira ta ɗan huce, kuma kada ya tsaya a kansa yana kallo, yaro ba ya sakewa ya ci idan an zuba masa ido. Ya fito ya ja ƙofa, ya tarar da ita ta haɗa tafin hannu, ido a rufe, hawaye suna sauka, ga shi ba wanda take tsammanin zai gan ta. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Mai yin abu don a yaba ba ya sanin rigar da take matse wa Lalji wuya.

Da rana a tashar bas ya buɗe kwanon abincinsa, sai ya ga alewa ɗaya. Nan ya tuna watanni ke nan kullum biyu yake samu, ɗaya a naɗe cikin tishu, yana ci yana cewa matarsa tana shagwaɓa shi. Ashe rabonta ne take ba shi, ba ta taɓa zubarwa ba; yau da ba ta karɓi nata ba, sai nasa kaɗai. Bai gane dalili ba, amma kunya ta rufe shi har ya kasa cin abincin.

Ranar Laraba Kokila ta iso da kwando mai shimfiɗar auduga, ta nufi matakala kai tsaye. Nimesh ya tare hanya.

"Kokila-ben, Lalji ba ya fita yau."

"Au, har ta wanke ka ta shanya? Me ta faɗa maka?"

"Ba ta faɗa mini komai ba. Ta ce Alhamis, zan jira Alhamis."

Kokila ta juya wurin uwarta tana cewa a ga abin da auren soyayya yake jawowa, ƙani yana tare wa yayarsa hanya a gidan ubansu. Tsohuwa ta dubi ɗanta, ta dubi Hetal da ke tsaye a bakin kicin ta rame ta yi zuru-zuru, sannan ta ce kwana ɗaya ba ya kashe kowa. Kokila ta dire kwandon a kan tebur ta ce a nan za ta kwana, ta ga ƙarshen wasan.

Da safe Hetal ta sa rigar sanyi za ta fita, Nimesh ya ɗauki makullin mota. Ta ce masa ba za ta iya gaya masa inda za ta ba. Ya ce oke, ta riƙa cewa dama ko hagu kawai, ai aikinsa ke nan. Haka suka tafi, dama, hagu, miƙe, har ta ce ya tsaya. Ya ɗaga kai ya karanta allon da ke saman ƙofar: sashen masu juna biyu. Ya juyo ya dube ta. Ya buɗe baki, ta girgiza masa kai, idonta cike da roƙo. Ya rufe bakin, ya kifa goshi a kan sitiyarin, ta shiga ita kaɗai.

Da ta fito bai tambaye ta ba. Fuskarta ya yi ta leƙe a hanya yana neman amsa, ita kuwa ta juya tana kallon taga, don ta san idan suka haɗa ido bakancen ya karye.

A gida ta durƙusa gaban tsohuwa. "Mummiji, ina neman izini in yi magana da Lalji. Ko daga bakin ƙofa ne."

Tsohuwa ta ce a'a, a sauko da shi nan, ita ma tana so ta ji. Nimesh ya hau ya sauko da shi a kan ɗan gadonsa, ya ajiye a tebur. Kokila ta harɗe hannu a ƙirji. Hetal ta kai goshinta ƙasa, ta ɗago, ta yi magana kamar ba kowa a falon sai su biyu.

"Lalji, na cika. Ban ɗanɗana zaƙi ba, ban gaya wa kowa ba, ko shi. Yau na ga ƙaninka. Zuciyarsa tana bugawa, sun ce lafiyarsa lau, ya wuce inda na baya suka tsaya."

Nimesh ya zube a ƙasa ya rufe fuska. Tsohuwa ta manta da gwiwarta ta yunƙura za ta tashi, sai da Hetal ta riƙe ta. Ta rungume kan yarinyar tana kuka tana cewa, "Bakance kika yi, 'yata? Ni da na yi irinsa kafin in sami wannan ƙaton, yaya aka yi ban gane ba? Na kore ki daga wurinsa kina ɗauke da wannan ke kaɗai."

Kokila ta sauke hannu daga ƙirji. Sannan ta matso, ta ce ita ta ƙirga abin da idonta ya gani ne, ba ta san akwai wanda ido ba ya gani ba. Ta nemi gafara, Hetal ta ce ya wuce, duk da a ranta ta san zai ɗauki lokaci kafin ya wuce ɗin. Tsohuwa ta sa aka kawo farantin safe, ta gutsuri alewa da hannunta ta sa wa Hetal a baki.

Mu masu zama da mutane mun iya ƙirga ibadar wani, mu san ranar da ya shiga da ranar da bai shiga ba, sai mu ɗauka mun san shi. Amma abin da ke tsakanin mai bauta da wanda yake bauta wa ba a leƙa shi ta ƙofa. Hetal tana da kalmar da za ta wanke ta a cikin minti ɗaya, ta zaɓi a zarge ta da ta karya alkawarin da ba wanda ya ji lokacin da ta ɗauka. Nimesh kuma ya tsaya mata tun bai san gaskiyar ba, wannan shi ne son da ake nema a gidan aure. Da lokacin zafi ya kama, Hetal ta haihu, ashe yarinya ce, kuma kuka na farko da ta yi a falon nan, tsohuwa ta ce a buɗe ƙofar sama don mai gida ya ji.