Muryar da Ke Cikin Faifan

Ƙarfe goma na safe aka kawo ƙarar, kuma da Sufeto ya ji abin da aka sace sai da ya ja tsaki. Shekara ashirin da shida yana bin ɓarayin motoci, yau an tura shi neman faifan ajiya na kwamfuta, abin da bai kai tafin hannu ba.

Mai ƙarar makaɗi ne, siririn matashi, idanu jajur. Ɗakinsa yana saman shagon tela, an lilliƙa wa bangon kwalayen ƙwai don tare sauti.

"Me ke cikin faifan?"

"Albam ɗina na farko, ranka ya daɗe. Shekara uku ina haɗa shi, jibi zan fitar."

"Babu kwafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Kullum sai in ce gobe."

Ya kunna ɗan guntun da ya rage a wayarsa. Birekko ake kiran kiɗan, in ji shi: a daddatse bugun ganga gutsi-gutsi, a jera shi da gudun tsiya. Sufeto ya ji kamar an ture kwandon kwanuka daga bene. Amma can ƙarƙashin hayaniyar akwai muryar mace, an datse ta, tana maimaita rabin kalma.

"Wace ce wannan?"

"Innarmu. Shekara biyar da rasuwarta. Daga wani tsohon kaset na ɗauko, tana waƙa tana wanke-wanke."

Sufeto ya duba ƙofa. Kwaɗo lafiya lau, kwamfuta da sifikoki suna nan. Wanda ya tsallake tsoka ya ɗauki ƙashi, ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Ya sauko wurin tela.

"Ni ban ga kowa ba, yallaɓai. Tun safe kaina na kan keke."

"Kekenka matakala yake kallo. An kuma ce sau uku kana kai ƙarar yaron wurin mai gida saboda hayaniya. In ba ka ga kowa ba, da kai zan fara."

Nan da nan idon tela ya buɗe.

"Yayarsa ce, mai shagon wanki da guga. Jiya ta kawo masa abinci, ta tarar yana kunna abin nan nasa. Ta daɗe tsaye a matakala, ta juya da kularta ba ta shiga ba. Yau da ya fita, ta hau da mukulli."

Sufeto da makaɗin suka tarar da ita tana guga, zufa na ɗiga daga haɓarta. Ko kallon ƙanenta ba ta yi ba.

"Rabona da ɗakinsa wata guda," ta ce. "Shirmen nasa kuwa ban taɓa ji ba."

"Ai kin yi asara," in ji Sufeto, wanda kunnensa bai daina ƙugi ba. "Kiɗa ne mai daɗi."

Ta dangwarar da dutsen guga.

"Daɗi? A mai da uwar mutum mai in'ina shi ne daɗi?"

"Wa ya gaya miki, tunda ba ki ji ba?"

Ta zare filogin dutsen, ta zauna a kan ƙullin kayan wanki.

"Ni na ɗauka. Ni na yi jinyar Inna da ɓarin jikinta ya shanye. Wata bakwai haka take magana, rabin kalma, rabin kalma, ko sunana ba ta iya ƙarasawa. Shi yana makaranta, bai gani ba. Jiya na ji ta daga matakala, sak yadda ta mutu, an sa mata ganga wai mutane su yi rawa."

"Ina faifan?"

Ta nuna bayan ƙofa. Sufeto ya leƙa bokiti. An farfasa shi da guduma, an jiƙa ɓaraguzan cikin ruwan bilic. Tausayi ya kama shi, abin da ya tsana a bakin aiki.

"Ya je ya sake wani kiɗan," ta ce. "Kaset ɗin Inna yana akwatina, ya ishe mu."

Makaɗin ya jingina da bango.

"Yaya, babu kaset. Ranar da na kwafa, rediyo ya cinye zaren. Tsoronki ya hana ni faɗa, na sa wani kaset a gidansa na mayar miki. Waƙar gaba ɗaya, minti goma sha ɗaya, ba yanka ba komai, a faifan nan kaɗai take."

Ta dubi bokitin, ta dube shi.

"Na janye ƙarar, ranka ya daɗe," in ji makaɗin.

"A ofis ake janyewa, ba a nan ba."

Ita ta riga su fita, ko gyale ba ta gyara ba. Sufeto bai sa mata ankwa ba.

A mota ta fara rera waƙar a hankali. Ta kai baiti na biyu ta tsaya, ta sake daga farko, ta sake tsayawa a nan. Ta waiwayo wurin ƙanenta.

"Me ke bin wannan?"

Ya girgiza kai. Shi bai taɓa haddace ta ba, tunda yana da faifai.