Abin da Tasi'u Ya Yanke

Nafi'u, kashe wayar nan ko in ƙwace ta. Kai, da kai nake. Hajjo, matso nan kusa da ni. Kuma kada wanda ya ce min "ta zo mu ji ta", don wannan ba tatsuniya ba ce. Mutumin yana nan da ransa, kun sha wuce shi.

Kun san wanda ke zama kan benci a bakin tashar mota, riƙe da wata tsohuwar waya 'yar ƙarama? Wanda kuke ce wa Tasi'u mahaukaci? Kada ki musa, Hajjo, na ji ki da kunnena. To, ba haka yake a da ba. Yau zan faɗa muku yadda ya rasa 'yarsa.

A lokacin babu irin manyan wayoyin nan naku. 'Yan ƙanana ne, allonsu bai fi kwalin ashana ba, memorinsu kuwa cikin cokali. Fim kuma a faifai yake zuwa. In kana son kallo a waya, sai ka kai faifan wajen masu juya fim. Su sa shi a kwamfuta, su matse shi, su rage shi, har ya shige memori. A garin nan kaf, ba wanda ya kama ƙafar Tasi'u a wannan aiki. Direbobi, 'yan kamasho, 'yan acaɓa, duk layi suke yi a shagonsa.

Sirrinsa kuwa yanka ne. Tasi'u ba ya kallon fim, ya ce ba shi da wannan lokacin. Sai ya kashe murya, ya ja fim ɗin da gudu. Inda ya ga faɗa ko waƙa, ya bari. Inda ya ga mutane a zaune, ya datse. Gaishe-gaishe, datse. Tsohuwa tana nasiha, datse. "Nan ba abin da ke faruwa," ita ce maganarsa kullum. Dogon fim ya koma ɗan guntu, ya shige waya, kowa ya tafi yana murna.

Yana da mata, Sa'ade, da 'ya ɗaya tak, Mardiyya. 'Yar mitsitsiya, ko makaranta ba a sa ta ba. Allah ya jarabci yarinyar nan da son ubanta. Shi kuwa zai fita ba ta tashi ba, ya dawo ta yi barci. Da la'asar ta yi, sai ta je ta tsaya a dokin ƙofa tana jiransa. Ba ta wasa, ba ta kuka. Tsayuwa kawai, har barci ya kwashe ta a wurin.

Sa'ade ta yi magana har bakinta ya gaji.

"Baban Mardiyya, ko yau ɗaya ka dawo da wuri. Yarinyar nan ta kusa manta kamanninka."

"Gobe."

Kullum gobe. Ni abin yana ba ni haushi har yanzu, wallahi. Ba wai ba ya son ta ba ne. Yana so. Gani yake yi ai ba inda za ta.

Ranar da abin ya faru, har alkawari ya yi mata. Ya ce da an yi magariba zai dawo, ya same ta ido biyu.

Rana ta faɗi. Almuru ya yi, lokacin da iyayenmu ke cewa a shigo da yara gida. Masu shagunan kusa duk sun tafi masallaci. Tasi'u ya miƙe zai kashe janareta. Sai ya ga mutum zaune a bencinsa.

Bai ji shigowarsa ba. Ba sallama.

Dattijo ne, siriri, da farar riga fes. Ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana kallonsa.

"Baba, an tashi. Sai gobe."

Bakin dattijon ya motsa. Shiru. Sai da ya rufe bakin, sannan muryar ta iso.

"Aiki ɗaya ne."

Tasi'u ya san wannan cutar, amma a fim ya san ta. In juyi ya ɓaci, haka yake fitowa, baki daban, murya daban. Bai taɓa ganin ta a jikin mutum ba. Sai ya ce a ransa ƙarar janareta ce ta toshe masa kunne.

Da mai hankali ne, da a nan ya yi a'uziyya ya cika wandonsa da iska. Amma dattijon ya san inda zai taɓa shi.

"An ce min ba fim ɗin da ya taɓa gagarar ka."

Shi ke nan fa. Kai ya fasu. Tasi'u ya koma ya zauna.

Dattijon ya miƙo faifai, ba rubutu a jiki, ba hoto. Sanyi ƙalau, kamar daga randa aka ciro shi. Ya miƙo kuma wata 'yar waya. Tasi'u ya juya faifan yana duba ko ya ƙarce. Ya ga fuskarsa a ciki. Ya ga bencin da ke bayansa. Ba kowa a kan bencin.

Ya waiga. Dattijo na nan zaune.

Ya zare memorin wayar ya sa a kwamfuta tare da faifan.

"Baba, memorin nan ba wuri. Ko rabin fim ɗin ba zai ɗauka ba. Sai dai a yanke."

Baki ya motsa. Murya ta biyo baya.

"Kai ne mai sana'a. Yanke abin da ba ka so."

"Abin da ba ka so dai, Baba. Ai fim ɗinka ne."

"Abin da ba ka so."

Tasi'u ya buɗe fim. Wani gida ne, an ɗauko shi daga sama, kamar mai ɗaukar yana zaune a kan bishiya. Kawunan mutane kawai ake gani. Ga tsakar gida, ga igiyar shanya, ga murhu da turmi. Rana tsaka. Ya kashe murya kamar yadda ya saba, ya fara ja.

Na san me za ka ce, Nafi'u. Za ka ce ai mutum zai gane gidansa. Ta ina? Yaushe rabonsa da ganin gidan nan da rana? Balle daga sama, ga gudu yana ja, ga tsoro a ciki, so yake kawai ya gama ya rabu da baƙon.

Ga wata mata tana daka. Ya bari. Ga akuya ta kifar da tukunya, matar ta bi ta da muciya. Ya bari, ya ce wannan zai ba mutane dariya. Sai ga wata ƙaramar yarinya ta fito, ta je bakin ƙofa, ta tsaya.

Ya ja gaba. Tana tsaye.

Ya ƙara ja. Tana tsaye.

"Nan ba abin da ke faruwa."

Datse.

Gari ya sake wayewa a fim ɗin. Yarinyar ta sake fitowa ta tsaya. Datse. Ga ta zaune ita kaɗai tana jera gwangwanaye. Datse. Ga ta tana barci a dokin ƙofa, matar ta zo ta ɗauke ta. Datse. Har tsaki ya yi.

"Wannan 'yar ce ke cinye mana wuri."

Ki yi shiru, Hajjo. Ki bar ni in ƙarasa.

Ya bi fim ɗin daga farko har ƙarshe, duk inda yarinyar ta ɓullo ya cire. Duk da haka bai shiga ba. Sai ya matse hoton, ya ƙara matsewa, ya kai shi ƙarshen ƙanƙanta, har komai ya yi dishi-dishi. Sannan ya shige. Ya mayar da memori cikin waya, ya miƙa.

"Ga shi, Baba."

Dattijon bai karɓa ba.

"Ragowar fa?"

"Wace ragowa?"

"Wadda ka yanke."

"Tana kwandon shara na kwamfuta. Yanzu zan goge."

"Ka zubar ke nan?"

"Na zubar."

"Ba ka so?"

"Me zan yi da ita, Baba?"

Dattijon ya matso da fuskarsa. Ba ya numfashi. Tasi'u ya ce ya lura, ƙirjin rigar nan ko motsi ba ya yi.

"Ba ka so?"

"Na ce ba na so!"

Ya danna gogewa. Ko bisimilla babu.

Kun san dalilin da ya sa ake hana ku zubar da shara da magariba. Kun san su wa ke zama a juji. Abin da mutum ya zubar da hannunsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba ya so, ya tashi daga nasa.

Dattijon ya miƙe. Ya yi murmushi, bakin ya motsa, ya daɗe yana motsi kafin muryar ta zo.

"Riƙe wayar, ladanka ke nan. Ni dama ragowar na zo ɗauka."

Ya juya ya fita. Tasi'u ya bi shi da kallo. Hannun dattijon ɗaya yana ƙasa, yatsun a dunƙule, kamar wanda ya riƙo hannun yaro. Tafiya yake a hankali, yana ɗan tsayawa, irin tafiyar mai jiran gajerun ƙafafu. Ba kowa a gefensa. Suka sha kwanar bayan tasha.

Shagon ya yi tsit, har ƙarar janareta ta ɗauke. Can sai wata murya ta iso, a makare, 'yar siririya, daga daidai bakin ƙofa.

"Baba."

Wannan kam ya gane ta.

Ko shagon bai rufe ba. Da gudu ya isa gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba kowa a dokin ƙofa. Sa'ade na tsakar gida tana kwashe tuwo. Ta ɗago da fara'arta.

"Sannu da zuwa, Maigida. Yau da wuri haka?"

Ya tsaya cak. Tun ranar suna ba ta ƙara kiransa Maigida ba.

"Me kika ce min?"

"Na ce sannu da zuwa."

"Ina Mardiyya?"

"Wace Mardiyya?"

Ya faɗa ɗaki. Ba 'yan rigunanta, ba takalminta, ba ɗan kwanon da take cin abinci. Ya zazzage akwati, ya ɗaga katifa. Ya fito yana ƙwala mata kira a lungu. Maƙwabta suka taru suna kallonsa. Aka kira mahaifiyarsa. Tsohuwar ta kama hannunsa tana hawaye.

"Ɗan nan, ka yi haƙuri. Haihuwa ta Allah ce. Zai ba ku."

Ya koma shago a daren. Kwandon shara wayam. Faifan da ke cikin kwamfuta kuwa ba komai a kansa, kamar sabo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Sa'ade. Baiwar Allah nan ba ta yi wa kowa komai ba. Ita ta ɗauki ciki, ita ta yi naƙuda, ita ta yi goyo, aka share duk daga kanta. Gari ya waye, a idon kowa ita mace ce da ta shekara da shekaru a gidan miji ba ko ɓari. Dangin miji suka sa ta a gaba. Har waƙa 'yan matan gidansu suka yi mata, wai miji mai juya fim, mata juya. In Tasi'u ya durƙusa gabanta yana rantsuwa cewa ta haihu, sai ta fashe da kuka, ta ce ko gori zai yi mata, ai bai kamata ya yi da wannan ba. Daga ƙarshe 'yan uwanta suka zo suka tafi da ita.

Ni kaina a lungun nan na tashi. Ina shiga gidan, ina fita. Ban tuna wata Mardiyya ba. Duk abin da na faɗa muku a kanta, daga bakinsa na ji.

Amma ya taɓa nuna min wayar. Ya tare ni a bakin tasha, ya ce, "Barira, zo ki gani." Fim ɗin gidan ne, ga Sa'ade, ga akuya, ga tsakar gida ba yaro. Ashe a cikin sauri, wuri ɗaya yankansa ya ɗan karkace. Ya bar wani abu da bai kai ƙiftawar ido ba. A kusurwar ƙofa, ƙasa-ƙasa, wani ɗan abu ya gifta. Ya dawo da shi baya. Ya sake dawowa. Yatsansa har ya cinye maɓallin.

"Ƙafa ce, ko? Barira, dubi da kyau. Ƙafarta ce."

Na duba, na sake dubawa. Zai iya zama ƙafar yarinya. Zai iya zama kaza. Hoton ya dagule, shi da hannunsa ya matse shi.

Ya kalle ni, idanun nan jawur. Ya ce, "Da na bar shi da girmansa, da kin gan ta."

To, ku buɗe kunnuwanku. Kada in ji wani cikinku ya bi bayan tasha shi kaɗai da almuru, ko wa ya aike shi. In kuka ga mutumin da muryarsa ke zuwa bayan bakinsa, kada ku karɓi komai daga hannunsa. In ya tambaye ku ko kuna son abu, ku ja bakinku ku yi shiru.

Ba zan ce ƙurunƙus ba, don Tasi'u gobe ma yana can kan bencinsa, zai tare wani ya nuna masa. In ku ya tare, kada wanda ya yi dariya. Ku ce masa ƙafa ce.