Takin da Ba a Roƙa Ba

Ranar da Mahfuz, ɗan dillalin tumaki, ya kai rago gidan Baba Saleh a Bolori, ya tarar da 'yarsa Latifa a tsugune tana auna ganyen wake da rula. Tukwane ashirin, yashi zalla a cikinsu. Garin kallo ragon ya kusa kuɓuce masa.

Ya fara zuwa zance, amma tausayin waken ya hana shi sakat. Wa ke shuka a yashi ba taki? Wata Asabar tana jami'a, ya lallaɓa bayan gida ya binne kashin tumaki a kowace tukunya, ya fita yana jin kansa gwarzo.

Wake ya yi shar. Da Latifa ta tuge shi, sai ta fashe da kuka.

"Dubi saiwar, Mahfuz, ba kullutu! Ƙwayoyin halittar da ke zama a ciki su ke jawo naitirojin daga iska, sinadarinsu naitirojines ya mai da shi abincin wake. In wake ya ƙoshi da taki, ba ya ba su masauki. Aikinsu nake aunawa, da shi zan gama digiri."

Kunya ta rufe shi, ya kasa haɗa ido da ita. Garin neman gira ya rasa ido. Kwana uku bai ci abincin kirki ba, sannan ya tura saƙo:

"Hasken idona, ni ne na zuba taki. Jahilcina ne. Ko ba ki yafe ba, ki sani."

Da labari ya kai kunnen Baba Saleh, sai ya ce, "Wanda ya shiga bayan gidana ba sallama, ba zai shiga zuriyata ba."

Saƙon Latifa ya zo washegari da hantsi: "Likitan wake, zo ka wanke yashi. Ka yi sallama."

Suka sake shuka wake. Sati shida yana sallama, yana ɗibar ruwa, kansa a sunkuye. Rannan ta tsaga kullutu da farce a gaban mahaifinta. Cikinsa ja-ja.

"Jan nan alama ce ƙwayoyin suna aiki, Baba!"

Tsohon ya daɗe yana kallon koɗaɗɗun hannuwan saurayin. "Turo manyanka."

Ranar kai amarya, kakarta Gumsu ta dafa kansu. "Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Kai kuma ango, kar ka ƙara wa miyarta gishiri a ɓoye."

Mahfuz ya rufe fuska da babbar riga, Latifa na dariya cikin lulluɓin lafaya.